KOYARWAR WATAN NAN: Ɗumin Ɗaki da Tattalin Itace Cikin Hunturu

Karatu: Fitowa 22:26-27, II Timothawus 4:9-21, Yaƙub 2:14-17. Ku karanta wuraren nan uku tukuna, kana ku bi koyarwar.

Ga kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wanda ya taɓa kwana a Dudunni ta ƙasar Kusada, ko a ƙauyukan Kankiya, cikin watan Disamba ko Janairu, ya san abin da mu ke faɗi. Da rana mutum ya kan tuɓe riga don zafi, da asuba kuwa haƙoransa su riƙa kaɗawa. Yara su kewaye wutar kara, tsofaffi su ƙi fita sai hantsi. Uwargida ta dubi tarin itacen da ta ke tsammani zai kai ta bazara, ta ga ya yi rabi tun ba a yi Kirsimati ba.

Itace kuwa ya yi wuya. Dajin da iyayenmu su ke shiga su ɗauro kaya kafin rana ta yi zafi ya zama gonaki. Sa'ad da gwamnati ta janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin kaya ya hau, gidaje da yawa na birni suka bar gas da kananzir suka koma ga itace da gawayi. Daga ƙauye a ke kai musu.

Ga misalin abin da mu ke so mu koya. Mata biyu kowace tana da tulu mai yoyo. Ɗaya ta wuni tana kai da kawowa rijiya, tulunta bai taɓa cika ba. Ɗayar ta zauna ta liƙe tsagar, ta je rijiya sau ɗaya, ruwanta ya kwana. Ɗaki mai sanyi tulu ne mai yoyo. Mafi yawanmu ƙara wuta mu ke yi. Koyarwar nan za ta nuna yadda a ke liƙe tsagar, domin mu sami ɗumi, itace ya yi saura, kada kuma a rasa rai a banza.

1. MANZO BULUS DA MAYAFINSA

Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Timothawus wasiƙa ta biyu, yana kurkuku a Roma, ya tsufa, ya kuwa san mutuwarsa ta kusa. Cikin manyan zantattukan bangaskiya sai ga shi ya roƙi abu ƙarami. Ya ce a taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa a wurin Karbus, da littattafansa. A aya ta 21 kuma ya gargaɗe shi ya yi ƙoƙari ya iso kafin damuna. Ku lura, damunar ƙasarsu ita ce lokacin sanyi, jiragen ruwa ma su kan daina tafiya a cikinta.

Abu uku mu ke gani a nan. Na ɗaya, bawan Allah yana jin sanyi kamar kowa, bai kuwa ji kunyar faɗi ba. Kula da jiki ba rashin bangaskiya ba ne. Na biyu, abin da ya ke da shi tun dā shi ya nema, wato tsohon mayafinsa. Na uku, ya yi shiri tun sanyin bai zo ba.

A Fitowa 22 kuwa Allah ya ba Isra'ila doka a kan mayafi. Idan mutum ya karɓi tufar maƙwabcinsa jingina, sai ya mayar masa da ita kafin rana ta faɗi, gama da ita matalaucin zai rufa da dare. Allah ya kuma yi alkawari zai ji kukan mutumin nan. Ashe Ubangijin sama da ƙasa yana lura da wanda ya kwana da mayafi da wanda ya kwana babu. In haka ne, zancen ɗumin ɗaki ya isa a yi shi cikin ekklesiya.

2. INA SANYIN YA KE FITOWA?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, daga hamadar Sahara. Mafi yawan ƙurar da ta ke kawo mana daga wani kwari ne da a ke kira Bodele, cikin ƙasar Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin dā. Ta kan fara wajen ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ta sassauta cikin Maris.

Iskar nan busasshiya ce ƙwarai. Da damuna gajimare da laimar iska su kan rufe ƙasa kamar bargo, su tsare zafin da ta sha da rana. Da hunturu babu bargon nan. Rana tana faɗuwa sai ƙasa ta fara sakin zafinta, ta yi ta saki dukan dare. Shi ya sa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana. A ƙasar Katsina da Kano ma'aunin zafi ya kan kai digiri 30 da rana, da asuba kuwa ya sauka ƙasa da 15, wata rana ya kusa 10.

To, ga abin lura. Mutanen Turai da hunturunsu ba su da rana mai ƙarfi, dole su sayi ɗumi. Mu kuwa kowace rana Allah yana ba mu zafi kyauta har ya yi yawa. Aikinmu shi ne mu tara shi da rana mu riƙe shi zuwa asuba. Ɗumi uku mu ke da shi wanda ba a saya: na rana, na jikinmu, da ragowar wutar da aka riga aka yi tuwo da ita.

3. JIKI DA SHIMFIƊA

Jikin mutum murhu ne mai ci dare da rana. Zafinsa digiri 37 ne, abinci kuwa shi ne itacensa. Bargo ba shi da ɗumin kansa. Iskar da jiki ya ɗumama ita ya ke tsarewa kada ta gudu. Saboda haka riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, gama tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta akwai iska a tsare.

Mutane da yawa su kan tara mayafi a bisansu, su manta da ƙarƙashinsu. Daɓe, balle na siminti, yana shan ɗumin jiki kamar yadda rairayi ya ke shan ruwa. Wanda ya kwanta kan tabarma guda bisa siminti zai ji sanyi ko da bargo uku ne a kansa. Sai a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa. Gadon kara ya isa. In babu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko kwali, ko buhun da aka cusa wa ƙaiƙayi, kana a ɗora tabarma.

Ga waɗansu ƙananan abubuwa masu amfani:

A shanya barguna da mayafai a rana, a kwashe su da la'asar, a naɗe, a sa cikin ɗaki. Busasshen mayafi ya fi mai laima ɗumi nesa.

A sa wa yara da tsofaffi hula da safa da dare.

Kada a kwana da yunwa in da hali. Kunu ko koko mai zafi kafin barci yana taimako.

A mai da wanka da rana ko da la'asar. Ruwan da aka zuba cikin baƙar jarka aka ajiye a rana tun hantsi ya kan yi ɗumi ba tare da an ƙona ko tsinke ba.

Yaran da su ke da lafiya su kwana kusa da juna. Mai-wa'azi 4:11 ya riga ya nuna mana biyu sun fi ɗaya samun ɗumi.

Akwai masu cewa giya ko burkutu maganin sanyi ne. Ruɗi ne. Giya tana kawo jini ga fata, mutum ya ji kamar ɗumi, alhali zafin cikinsa ne ya ke zuba waje. Mashayin da barci ya kwashe a waje cikin hunturu yana cikin haɗari.

4. ƊAKI

Kakanninmu sun san abin da su ke yi da suka yi gini da ƙasa. Bangon ƙasa mai kauri yana shan rana a hankali, zafin ya yi sa'o'i yana ratsawa, sai da dare ya iso ciki. Soro mai rufin azara haka ya ke, jinka kuma tana tsare iska cikin ciyawarta. Rufin kwano kuwa da rana tanderu ne, da dare ƙanƙara, gama ƙarfe ba ya riƙe kome. Ba mu ce kowa ya rushe ɗakinsa ba. Amma wanda zai yi sabon gini ya yi tunani kafin ya rena ginin ubansa.

Mai rufin kwano sai ya yi masa silin. In babu kuɗin na kanti, a ɗaure asabari ko tabarmi ko kwali a ƙarƙashin kwanon, a bar tsakani kamar taƙi ɗaya. Ɗumi sama ya ke tashi, silin ɗin nan shi zai tare shi. Da bazara kuma shi ne zai rage zafin ɗakin, riba biyu ke nan.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka iska ma. Ku ɗauki fitila da dare ku bi bango da ƙofa da bakin rufi, inda harshen wutar ya karkata nan iska ta ke shiga. Ku liƙe da yumɓu. Ku sa labule mai kauri bayan ƙofa, ku tare ƙarƙashinta da tsumma. A waje kuma, ta wajen arewa da gabas, ku kafa zana ko dangar kara domin ta karya ƙarfin iskar kafin ta bugi bango.

Lokacin buɗewa da rufewa shi ma yana da muhimmanci. A buɗe ɗaki da hantsi iska ta sake, rana ta shiga. A rufe tun da la'asar sakaliya, tun bango yana da ɗumi. Wanda ya bari sai bayan hira ya rufe ƙofa, sanyi ya kulle a ciki.

Amma kada a toshe ɗaki ruf. A bar 'yar kafa a sama, ta wajen kudu ko yamma inda iska ba ta bugu. Lokacin rani lokacin sanƙarau ne, cutar nan kuwa tana son ɗakin da mutane suka cunkushe ba iska. Cikin 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, mafi yawa a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Iskar da ta ke kaɗa mutum a gado ita mu ke tarewa. Ta numfashi kuwa dole ta shiga.

5. WUTAR DA KE KASHE MAI-BARCI

Wannan kashi ya fi sauran nauyi. Muna roƙon shugabanni su karanta shi a gaban jama'a.

Cikin Yohanna 18:18 mun ga Bitrus yana jin wutar gawayi tare da bayin babban malami, gama dare ne mai sanyi. Ku lura, a tsakar gida aka hura ta, a sarari. Mu kuwa mu kan zuba gawayi a kasko, mu shigar ɗaki, mu rufe ƙofa, mu kwanta. Muna ganin tun da babu hayaƙi babu laifi.

Gawayi mai ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iskar guba, likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar rai sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da mutuwar jiki. Mai-barci ba ya jin ko ɗaya. A kan iske iyali duka da safe kwance kamar masu barci, mutane su ce iskoki ne, ko sammu, ko guba cikin abinci. Sau da yawa kaskon yana nan a gefen gado, ya zama toka. Janareta ma irin iskar nan ya ke fitarwa, kada a kunna shi cikin ɗaki ko zaure ko gindin taga.

Dokar ke nan: ba a barci da wuta cikin ɗaki. In lalle sai an ɗumama ɗakin tsoho ko majiyyaci, a hura gawayin a waje, a shigar da shi ɗan lokaci ƙofa tana buɗe, wani babba yana zaune, sa'an nan a fitar a kashe, kana a rufe. Abin da ya fi shi ne busasshen dutse ko bulo da aka ajiye gefen murhu lokacin tuwo. A naɗe shi da tsumma mai kauri a sa wajen ƙafa. Kada a gasa jiƙaƙƙen dutse, ya kan fashe. Kada kuma a sa wa jariri.

In kun iske mutane da alamun nan, ku buɗe ƙofa, ku fitar da su sarari nan da nan, ku kai su asibiti ko da sun farfaɗo.

Hayaƙin itace shi ma mai kisa ne, sai dai a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2020 mutum wajen miliyan 3.2 suka mutu ta dalilin hayaƙin cikin gida, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ciwon haƙarƙari da mu ke ɗora wa sanyi, sau da yawa hayaƙi ne ya buɗe masa ƙofa. Uwa kada ta tsaya cikin hayaƙi da goyo.

Sai kuma gobara. Da hunturu jinka da zana da kara sun bushe ƙayau, ga iska. A kashe murhu sarai kafin a kwanta. A nisanta fitila da gidan sauro. Kada a bar yara, ko mai farfaɗiya, su kaɗai a bakin wuta. In wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Kada a shafa mai, ko ƙwai, ko toka.

6. MURHU

Murhun duwatsu uku a tsakar gida, cikin iska, ɓarnarsa da yawa. Masu gwaji sun auna, sun ga cikin kashi goma na zafin itacen, kashi ɗaya ne ko ya ɗara kaɗan ya ke shiga tukunya. Saura duka iska ta kwashe. Wato in uwargida ta ɗauko dami goma, kusan tara sararin sama ta dafa da su.

Gyaran ba shi da wuya. A kwaɓa yumɓu da ciyawa kamar na gini, a haɗa duwatsun nan da ɗan bango, a bar ƙofa guda ta sa itace, a bar kuma 'yar hanya kewaye da tukunya inda hayaƙi zai fita. Ƙofar kada ta fuskanci iska. Tukunya ta zauna cikin bangon, wuta ta lashi gefenta. Akwai kuma murhunan ƙarfe na tattali, irin wanda a ke kira Save80, mai cin ƙananan ƙirare. Wanda ya sami hali ya saya, amma na yumɓun kowa yana iya ginawa.

Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙone ruwan kafin ta taɓa tukunya, shi ne kuma mai yawan hayaƙi. A faskara itace ƙanana, a bar shi ya bushe sarai. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare. A shirya kayan miya duka kafin a hura wuta. Tukunya ta tafasa, a janye itace, gama ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi kome yawan wutar. An gama, a kashe bakin wutar da ƙasa a ajiye don gobe.

Ga wata dabara kuma. A sami babban kwando, a cusa masa ƙaiƙayi ko audugar rimi ko tsummoki, a bar gurbin tukunya a tsakiya, a yi masa matashi na rufewa. Waken da aka jiƙa ya tafasa kamar minti 15, sai a sauke tukunyar da murfinta, a sa cikin kwandon, a rufe. Bayan sa'a uku ko huɗu ya nuna da zafin kansa. Shinkafa ba ta kai haka ba. In an buɗe aka iske abincin ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci. Bargo ne aka yi wa tukunya, kamar yadda a ke yi wa mutum.

7. MAI-JEGO DA JARIRI

Babu abin da ya ke cin itace a gidan Bahaushe kamar jego. Miji ya kan tara itace tun ciki yana ƙarami, domin wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, da wutar da a ke hurawa ƙarƙashin gadon ƙasa. Iyayenmu mata da ƙauna su ke yinsa, don gudun kada sanyi ya shiga mai-jego.

Amma cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka bincika wani ciwon zuciya da ya yawaita ga mata bayan haihuwa, mai kawo kumburi da haki. Suka ga yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai tsananin zafi suna da hannu a ciki. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Saboda haka muna ba iyaye shawara da ladabi: ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya daɗewa a ciki, a rage kanwa, a bar hura wuta ƙarƙashin gado. Mai-jegon da ta fara kumburin ƙafa ko haki, a kai ta asibiti ran nan.

Jariri kuwa yana saurin hucewa, balle ta kansa. A goge shi ya bushe da haihuwa, a sa masa hula, a jinkirta wankan fari har kwana ɗaya, kada kuma a yi masa wankan asuba cikin hunturu. Abin da ya fi ɗumama shi shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su tare da zane. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya likitoci suka fara renon bakwaini ta haka cikin 1978, domin kwalaben reno ba su isa ba. Dabarar ta ceci jarirai masu yawa a duniya, ba ta kuwa cin itace.

8. ITACEN GOBE

Sa'ad da itace ya ƙare mu kan koma ga kara da kashin shanu. Amma su ne takin gona. Wanda ya ƙone su duka da rani, ya ƙone wani kashi na hatsin baɗi. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Ku dubi abin da 'yan'uwanmu Hausawa na ƙasar Maradi suka yi. Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo mutumin Ostareliya, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma su ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. Ya koya wa manoma su zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse saura, su tsare su daga dabbobi. Da fari an yi masa dariya. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Kalgo da sabara da gawo suna tsira a gonakin Kusada da Kankiya kamar yadda su ke tsira a Maradi. Bana in an zo sharar gona, kowane mai-bi ya bar waɗansu. Rassan da ya datse su ne itacen murhunsa, uwar itacen kuwa ta 'ya'yansa ce.

9. WA ZAI KWANA BA MAYAFI?

Yaƙub ya yi maganar mutumin da ya ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri, ya ce ya je ya ji ɗumi, bai kuwa ba shi kome ba. Ya ce irin bangaskiyar nan matacciya ce. Mu kan gaisa da safe mu ce, “Ina sanyi?” a amsa, “Lokacinsa ne.” Gaisuwar tana da kyau. Amma mun taɓa leƙa ɗakin gwauruwar nan mu ga abin da ta ke rufa da shi?

Cikin Ayyukan Manzanni 28 mutanen tsibirin Malita, waɗanda ba su san Bishara ba tukuna, suka hura wa Bulus da abokan tafiyarsa wuta saboda ruwa da sanyi. Bulus kuma bai zauna ba, ya tashi ya tattaro ƙirare. Kada waɗanda ba su san Almasihu ba su fi mu alheri. Maƙwabcin nan kuwa ba sai mai-bi ba. Tsohon da ke bayan dangarka, da almajirin da ke kwana a zaure, duk sanyi ɗaya su ke ji.

Nan ne tattali ya ke samun ma'anarsa. Mai rowa yana tattali domin ya tara. Mai-bi yana yi domin ya sami abin bayarwa. Damin da murhun yumɓu ya rage maka, ka kai gidan da babu mai zuwa daji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga aikin watan nan. Dattawa su rubuta sunayen tsofaffi da gwauraye da marasa lafiya na unguwa. Samari su ɗauki Asabar guda su liƙe musu bango su kafa musu zana. Zumuntar mata su gina murhun yumɓu ɗaya tare, domin kowace ta koya, su kuma tara mayafan da ba a amfani da su. A yi shi yanzu. Bulus ya ce wa Timothawus ya zo tun sanyi bai kama ba.

TAMBAYOYI

1. Me Bulus ya roƙi Timothawus ya kawo masa, me kuma wannan ya koya mana?

2. Don me Allah ya ce a mayar da tufar jingina kafin faɗuwar rana?

3. Faɗi ɗumi uku da ba a saya da kuɗi.

4. Don me gawayin da ba shi da hayaƙi ya ke kisa? Me za ka yi in ka iske mutane sun suma a ɗaki?

5. Wane ne a unguwarku zai kwana daren yau ba mayafi? Me za ka kai masa?

Ayar haddacewa: Yaƙub 2:17.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ka sa sanyi da zafi kowane a lokacinsa. Mun gode maka domin rana da abinci da sutura. Ka gafarta mana ɓarnar da mu ke yi da kyautarka. Ka tsare gidajenmu daga gobara da hayaƙi, ka kiyaye jarirai da tsofaffi cikin daren nan. Ka buɗe idanunmu mu ga mai-bukata, ka buɗe hannuwanmu mu ba shi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.